Filin Tambaya da Amsa kan Motoci: Gargaɗin Wayoyin Tirela a Allon A-kori-kura

Wasiƙu huɗu da muka zaɓa a wannan fitowa sun haɗu a kan matsala guda, wato gargaɗin da motocin a-kori-kura na zamani suke nunawa a allon gaban direba idan an ɗaura musu ƙaramar tirela. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili.

Daga wani Alhaji ɗan kasuwa a Garwa ta ƙasar Kamaru:

“Assalamu alaikum, Malam. Ina da a-kori-kura ƙirar Amurka da ta shigo ta Duwala, tare da tirela mai taya huɗu wadda birkinta ke aiki da wuta, kuma da su nake kwaso kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare zuwa Garwa. Tun farkon damina, da zarar mun shiga gargada sai allo ya yi ƙara ya rubuta cewa a duba wayoyin tirela, wani lokaci ma ya ce tirelar ta rabu da mota alhali tana nan a baya. Idan muka hau kwalta mai kyau sai ya yi shiru. Mai gyaran wuta ya ce ƙwaƙwalwar birki ce ta lalace, in aika a sayo sabuwa. Shin in saya?”

Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kada ka saya tukuna. Ƙwaƙwalwar da ta ƙone ba ta bambanta kwalta da gargada; matsalar da ke zuwa tare da jijjiga, ta kuma tafi idan jijjigar ta lafa, kusan kullum a wurin da ƙarfe biyu suke haɗuwa take, ko a wayar da ta goge tana taɓa jikin tirela lokaci-lokaci. Yana da kyau a fahimci abin da gargaɗin yake nufi. Ƙwaƙwalwar, wato ƙaramar kwamfutar mota da ke tura wa birkin tirela wuta, ba ta ganin tirela. Abin da take yi shi ne ta riƙa tura ɗan ƙaramin bugun wuta ta wayar birki, sannan ta auna yawan wutar da aka ja, kamar yadda mai jan guga yake gane ko gugan ya cika ko igiya ta tsinke daga nauyin da yake ji a hannunsa, ba tare da ya leƙa rijiyar ba. Idan wutar da aka ja ta ɓace ba zato, sai ta ce tirela ta rabu. Idan ta yi yawa fiye da ƙima, sai ta ce waya ta taɓa ƙarfe. Saboda haka gargaɗin shaida ce cewa ƙwaƙwalwar tana aikinta.

Matakin farko ba ya cin ko sisi, kuma yana rubuce a littafin da kamfanin General Motors yake haɗawa da motocinsa. A zare filogin tirela daga soket, a kashe mota, a jira kamar daƙiƙa 10, sannan a sake murɗa makulli. Idan gargaɗin ya dawo alhali babu tirela, matsalar tana jikin mota, tsakanin ƙwaƙwalwa da soket ɗin da ke gindin bamba. Idan bai dawo ba sai da aka mayar da filogi, to, a juya wajen tirela. Tun da naka gargaɗin sai a gargada yake fitowa, ka ƙara da abu biyu: ka bi wannan hanyar da mota zalla ka ga ko zai yi magana, kuma in akwai wanda zai ara maka tirela mai irin wannan birki da aka tabbatar da lafiyarta, ka ja ta a wurin. Duk mai gyaran da ya yanke hukuncin sayen kaya kafin ya raba laifi tsakanin mota da tirela, lalube yake yi da kuɗinka.

Daga nan sai soket da filogi, waɗanda su ne suka fi kowane sashe shan wahala a ƙasarmu. Soket yana ƙasa, bayan tayoyin baya, inda ƙurar rani take cika shi, ruwan damina kuma ya mayar da ƙurar laka. Idan ka haska tocila a cikinsa za ka iya ganin wani kore-kore ko fari-fari a kan tagullar: wannan shi ne cin da danshi ya yi mata, kuma yana hana wuta wucewa sosai. A cire kan batir na mas, wato mai alamar (-), kafin a fara, domin ɗaya daga cikin ƙafafun soket mai bakwai tana iya kasancewa da wuta ko da mota a kashe take. A kankare da siririn buroshi ko ɗan yankin samfefa mai laushi, a fesa maganin wanke mahaɗar wuta, a bari ya bushe, sannan a shafa giris na musamman na wuta, ba baƙin giris na taya ba. A duba ko bakunan da ke cikin filogi sun buɗe har sun daina matse ƙafafun, domin idan filogi yana shiga da fita ba tare da wata turjiya ba, a gargada rawa zai yi ta yi. Murfin soket yana da ɗan haƙori da ke kama bayan filogi ya riƙe shi. Murfin da ya karye ko sifirin ɗinsa ya saki ya isa ya jawo duk abin da ka bayyana. Akwai kuma wurin da mutane da yawa suke mantawa da shi: a bayan soket ɗin, ta cikin bamba, akwai wani filogi da ke haɗa shi da wayoyin mota, kuma shi ne ruwa yake kwanciya a cikinsa idan an ratsa rafi. A zare shi a duba. Haka nan a lura da tsawon igiyar wayar tirela, domin gajeriya tana fizgar filogi a kwana, doguwa kuma tana jan ƙasa har ta goge.

Abin da na fi zargi a wasiƙarka, bayan soket, shi ne mas, wato hanyar da wuta take bi ta koma batir bayan ta gama aiki a fitila ko a birki. A tirela farar waya ce take ɗauke da wannan aiki, kuma ana ɗaure ta da noti a jikin ƙarfen tirelar. Idan wurin ya yi tsatsa, ko an ɗaure ta a kan fenti, ko notin ya kwance, wuta takan nemi hanya ta ƙwallon ja, inda tirela take rataye da mota. A kwalta mai santsi nauyin tirela yana danne ƙwallon, wuta tana wucewa, komai lafiya. A gargada bakin tirela yana ɗagawa yana sauka a kan ƙwallon da ke cike da giris da yashi, hanyar tana yankewa tana dawowa, allo kuma yana ta ƙara. Gwajinsa mai sauƙi ne. A ɗauki wayar da ake tayar da mota da ita daga wani batir, a maƙala kai ɗaya a ƙarfen tirela da aka kankare, ɗayan a shasin mota, a ɗaure ta yadda ba za ta ja ƙasa ba, a bi gargada kaɗan a hankali. Idan gargaɗin ya ɗauke, an kama ɓarawon. Akwai wasu alamu da ke tafiya tare da raunin mas: danja takan dushe idan an taka birki, ko siginar hagu ta sa ta dama ta riƙa lumshewa a raunane. Gyaransa shi ne a kankare ƙarfe har ya yi ƙyalli, a sa wa wayar kan zobe da aka matse da kyau, a ɗaure da noti da wasa mai haƙora, sannan a rufe da giris ko fenti daga sama. Tirelar da aka haɗa sandar janta da gangar jikinta da notuna, ko wadda ake ɗaga akwatinta a zubar da kaya, tana bukatar a ja farar waya har zuwa kowace fitila da kowane birki, kada a dogara da ƙarfen.

Idan soket da mas sun fita daga zargi, sai a ɗauko mitar awon wuta. A cikin kowane kwanon birki akwai maganaɗisu na wuta, wanda idan ya samu wuta yake manne wa fuskar kwanon da ke juyawa, ya ja wani hannu da ke buɗe takalman birki. Kowane ɗaya yana da turjiya ta om 3 zuwa 4 (om shi ne ma'aunin turjiyar da abu yake yi wa wuta), kuma yana jan kimanin amfiya 3 (ma'aunin yawan wutar da ake ja) idan an ba shi cikakkiyar wuta. Da yake kowannensu kai tsaye yake shan wuta daga wayar birki, idan aka zare filogi aka auna tsakanin ƙafar birki da ƙafar mas, tirela mai birki biyu za ta nuna tsakanin om 1.5 da 2, mai birki huɗu irin taka kuma wajen 0.8 zuwa 1. Kafin awon a haɗa bakunan mitar biyu a ga abin da wayoyinta kansu suke nunawa, a debe shi daga sakamakon, domin a ƙananan lambobi irin waɗannan ƙaramar mitar kasuwa tana iya ruɗar da mutum. Idan tirela mai birki huɗu ta nuna kusan 2, birki biyu sun fita daga aiki. Idan ta nuna kusan sifili, waya ta taɓa ƙarfe. A bar mitar a maƙale, wani ya bi wayoyin yana girgiza su da hannu tun daga filogi har taya ta ƙarshe, a ga inda lamba za ta yi tsalle.

Wuraren da aka fi samun laifin su ne inda waya ta ratsa hudar ƙarfe babu roba a bakinta, da bayan taya inda wayoyin maganaɗisu biyu suke fitowa, da kuma cikin bututun aksil, domin masu ƙera tirela da yawa ta cikinsa suke bi da wayar da ke kai wuta taya ta ɗaya gefen. A can ciki take kaɗawa tana gogar ƙarfe har rigarta ta huje, ba mai ganinta. Ni ba na ɓata lokaci wajen zaro ta. A yanke ta ta gefe biyu, a bi da sabuwa ta bayan aksil a cikin bututun roba, a ɗaure tamau. Shi ma maganaɗisun yakan cinye har zaren tagullar cikinsa ya bayyana, ya riƙa taɓa kwano idan taya tana juyawa kaɗai, shi ya sa ba a kama shi a tsaye a gareji sai an kwance kwanon an gani da ido. A kuma tabbatar da cewa ɗan makullin birkin gaggawa, wanda siririyar igiyar ƙarfe take fizge shi idan tirela ta ɓalle, yana zaune daram a gidansa, domin idan ya zame yana tura wutar ƙaramin batirin tirela cikin wayar birki, ƙwaƙwalwa kuma ta ɗauke shi a matsayin laifi.

Alhaji, kada a ɗora kaya a sake bin wannan hanya kafin a gama gyaran. Ngaundare tana kan tudu da ya haura mita 1,000, Garwa kuma ba ta kai mita 300 ba, kuma kowane direba ya san gangaren da ke tsakani. Duk lokacin da allo ya ce tirela ta rabu, a wannan daƙiƙar birkinta ba ya samun wuta, nauyinta gaba ɗaya yana kan birkin motar.

Daga wani mai aikin haƙa rijiyoyin burtsatse a Njamena:

“Malam, barka da aiki. Motata ƙirar Amurka ce, tirelar da nake ɗaukar janareta da ita kuma daga Beljiyam aka kawo ta, filoginta mai ƙafa 13 ne, bai shiga soket ɗin motar ba. Wani yaro a Kuseri ya yanke filogin ya haɗa wayoyin launi da launi. Yanzu allo yana ta gargaɗi, idan na taka birki siginoni biyu ne suke kamawa maimakon jar fitila, kuma fitila ɗaya ta hagu ba ta mutuwa.”

Barka kadai, ɗan'uwa. Yaron ya yi aiki da hankali a kan ƙa'idar da ba ta wanzu, domin launin waya a Turai da launinta a Amurka ba abu ɗaya suke nufi ba, kuma inda suka yi kama ma sun yi ne don su yaudari mai gyara. A tsarin Turai na ƙafa 7, wanda ake kira ISO 1724, ƙafa ta 1 rawaya ce ta siginar hagu, ta 2 shuɗiya ta fitilar hazo ta baya, ta 3 fara ta mas, ta 4 koriya ta siginar dama, ta 5 ruwan ƙasa ta danjar dama, ta 6 ja ta fitilar birki, ta 7 kuma baƙa ta danjar hagu. Mai ƙafa 13, wato ISO 11446, ya riƙe waɗannan bakwai yadda suke, ya ƙara fitilar ribas a ta 8, da wuta mai zama kullum a ta 9, da wutar da ke zuwa da makulli a ta 10, da nasu wayoyin mas daban. A Amurka fara ita ma mas ce, rawaya hagu, koriya dama, shi ya sa mutum yake sakin jiki. Amma shuɗiya a can ta birkin wuta ce, baƙa kuma sau da yawa wutar batir ce kai tsaye, sannan su kansu Amurkawa suna da tsarin launi fiye da ɗaya a filoginsu mai bakwai.

Da wannan za ka iya karanta duk abin da tirelarka take yi. Baƙar wayar mota mai ɗauke da wutar batir an haɗa ta da baƙar tirela ta danjar hagu, shi ya sa ba ta mutuwa. Shuɗiyar mota, wadda ƙwaƙwalwa take neman maganaɗisun birki ta cikinta, an kai ta ƙwan fitilar hazo, sai ƙwaƙwalwar ta ga wani abu yana jan wuta amma ba irin jan da ta sani ba, ta yi ta gargaɗi. Batun siginoni kuwa ya fi launi zurfi. Soket ɗin Amurka yana haɗa birki da sigina a waya ɗaya a kowane gefe: idan an taka birki rawaya da koriya duka suna samun wuta, idan an kunna sigina ɗayarsu tana lumshewa. Tirelar Turai kuwa tana da fitilar birki daban da wayarta ja, sigina daban. Saboda haka birkinka yana kunna siginoni, jar fitilar kuma ba ta da inda za ta samu wuta ko kaɗan. Wanda ke bin ka da dare a kan gadar Ngeli ba shi da hanyar sanin tsayawa za ka yi.

Gyaran yana bukatar ƙaramin akwatin da ke raba wutar birki da ta sigina, mai karɓar waya biyu ya fitar da uku. Akwai kuma wanda ke yin akasin haka, don haka a karanta jikinsa da kyau kafin a biya kuɗi. Idan ba a same shi ba, ƙwararren mai gyara zai iya ɗauko alamar birki zalla daga mota ta hanyar rile, wato makunnin da wuta take kunnawa, mai fis ɗinsa, ya kuma ɗauko siginoni daga inda ba su gauraya da birki ba. Shuɗiyar wayar mota a rufe bakinta a ajiye ta, kada ta taɓa komai. Tirelolin Turai da nauyinsu ya wuce kilo 750, har zuwa kilo 3,500, galibi birkinsu na turawa ne: idan mota ta rage gudu, tirela ta danno sandar ja, sandar ta ja wayoyin ƙarfe da ke kama birki, babu wuta a lamarin. Kuma a wannan karon a gano aikin kowace waya da fitilar gwaji, ɗaya bayan ɗaya, mutum yana ciki yana kunnawa wani yana baya yana rubutawa. Na fi son a mayar wa tirelar da filoginta mai 13, a ƙara wa motar soket na biyu irin na Turai kusa da na asali, domin gobe kana iya bukatar jan wata tirelar.

Daga wata Hajiya mai fataucin albasa a Marwa:

“Malam, ina gaisuwa. Ƙwayayen fitilun tirelarmu suna yawan mutuwa a hanyar Mora zuwa Kuseri, sai direbana ya sa aka canza su da na zamani da ake kira LED. Suna haske sosai, amma tun ranar siginar motar take bugawa da sauri, allo yana cewa fitilar tirela ta mutu, kuma da dare mukan ga suna ɗan walƙiya ko an kashe su. Ko jabu aka sayar mana?”

Ina amsawa, Hajiya, Allah ya ba da kasuwa. Alamun da kika faɗa ba su nuna jabu ba, kuma shawarar direbanki tana da hujja, domin siririn zaren da ke cikin tsohon ƙwai ba ya jure irin jijjigar wannan hanya. Lissafi ne ya saɓa. Tsohon ƙwan sigina mai wat 21 yana jan kimanin amfiya 1.75 a kan bolt 12, LED kuwa sau da yawa ba ya kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan. Motar da aka ƙera da sanin tsohon ƙwai, idan ta ga wutar da ake ja ta yi ƙasa haka, sai ta ɗauka ƙwan ya mutu. Saurin bugun siginar da gangan aka tsara shi don ya sanar da direba. A ƙa'ida sigina tana bugawa sau 60 zuwa 120 a minti, idan ta zarce haka saƙo take isarwa. Walƙiyar dare kuma ɗan bugun wutar gwaji ne da ƙwaƙwalwa take turawa, wanda bai isa ya ɗumama zaren tsohon ƙwai ba amma ya isa ya haska LED.

Hanya mafi tsabta ita ce ɗan adafta da ake sakawa tsakanin soket da filogi, wanda aka yi shi don wannan matsala, domin ba a yanke waya ko ɗaya. Idan babu shi, ana ɗaura abin jan wuta mai om 6 da ƙarfin wat 50 tsakanin wayar kowace sigina da mas, ya riƙa jan kimanin amfiya 2 a madadin tsohon ƙwan. Sai dai wutar da yake ja zafi take zama, zafin da ke iya narkar da roba, don haka a ɗaure shi da noti a kan ƙarfen tirela, nesa da wayoyi, nesa da tamfol da buhuna da busasshiyar ciyawa. Ban yarda a sa shi a layin danja ba, wanda ke kunne dare ɗungurungum. Akwai kuma farashin da ake biya: daga ranar da aka sa shi, ko LED ɗin ya mutu motar ba za ta sani ba, sai direba ya riƙa zagayawa yana dubawa da idonsa kafin a tashi. Wasu motocin ana iya shiga saitinsu da kwamfuta a gaya musu cewa fitilun tirela LED ne, kuma ya dace a fara tambayar wannan kafin a sayi komai. A duba jikin fitilun a tabbatar an rubuta bolt 12 ko kuma 10 zuwa 30, domin kasuwa cike take da na manyan motoci masu bolt 24, waɗanda a kan ƙaramar mota haskensu yake raunana.

Daga wani direba a Yagwa:

“Malam, mai walda ne ya ƙera mana tirelar, aka jona wayoyinta kai tsaye daga fitilun bayan mota. Fis ɗin danja yana ta ƙonewa, har yaron mota ya naɗa masa zaren tagulla. Yanzu fis ba ya ƙonewa, amma allo yana nuna gargaɗi. Akwai wanda zai iya kashe mana gargaɗin?”

Malam direba, a cire wannan tagullar yau, kafin a sake murɗa makulli. Fis an yi shi ne ya ƙone kafin waya ta yi zafi. Idan aka hana shi ƙonewa, wayar da ke bin ƙarƙashin mota kusa da tankin mai ita ce za ta narke. Ba zan ba da hanyar kashe gargaɗin ba, amma ga hanyar kama laifin ba tare da an ƙona kwalin fis ba. A samo ƙwai mai wat 21, a jona masa waya biyu, a soka su a gurbin fis ɗin, a kunna danja. Muddin akwai wayar da ke taɓa ƙarfe, ƙwan zai haska da cikakken ƙarfinsa. Idan aka zare filogin tirela ya dushe, laifin yana tirela. A mayar da filogi, a riƙa cire fitilun ɗaya-ɗaya ana girgiza wayoyi har ya dushe, nan ne wurin. A irin waɗannan tireloli nakan tarar da waya ta bi ta hudar da aka ƙona da walda, bakinta da kaifi, ko an yi amfani da wayar gida mai ƙarfe ɗaya wadda jijjiga ke karyawa, ko an murɗe mahaɗa da hannu an naɗe da baƙin salatif da zafin watan Afrilu ya narkar da gaminsa. A sake su da wayar mota mai silili da yawa, a matse mahaɗa da kan waya ko a yi musu dalma, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi.

Idan babu wayar da ta taɓa ƙarfe, to, fitilun tirelar ne suka yi wa layin yawa, musamman in an jera mata ƙananan fitilu a gefe. Layin danjar mota an auna shi ne da fitilun motar kaɗai. A sa akwatin rile na tirela, wanda ke ɗaukar alama kawai daga fitilun baya, ya jawo ainihin wutar daga batir ta waya mai kauri da fis nata a kusa da batirin. Kuma duk ranar da za a koma wurin mai walda, a zare filogi a kuma sauke tirelar daga ƙwallon ja kafin ya kunna injinsa, domin wutar walda tana iya bin farar waya ta shiga mota.